Mugunta da Sunayenta

Idan ka ga mutane suna da sunaye da yawa domin abu guda, ka sani sun daɗe suna zama tare da abin nan. Makiyayi ba ya cewa "saniya" kawai ya yi shiru, gama kowane launi da kowane irin ƙaho yana da sunansa a bakinsa. Manomi kuma ya san bambancin jigawa da fadama da faƙo, ko da yake ga baƙo duka ƙasa ce. Haka yake da mugunta. A Hausa muna da mugunta, da ƙeta, da zalunci, da cin zali, da gallazawa, da taurin zuciya. Har mukan ce wane ba shi da imani, ba kuwa addininsa muke nufi ba, sai dai zuciyarsa ba ta motsi in ya ga wahalar wani.

Turancin Ingilishi ma yana da nasa garken kalmomi a kan wannan abu. Ɗalibin da ya buɗe ƙamus zai tarar da cruel, da brutal, da savage, da barbarous, da sadistic, da ruthless, da callous, sau da yawa kuwa zai fassara su duka da "mugu" ya wuce. Wanda ya yi karatun Faransanci ya riga ya san waɗansunsu, gama Ingilishi ya aro da yawa daga Faransanci da Latin. Tambayar da take gabanmu ita ce, ko akwai amfani a rarrabe su? Mutumin da ake dūka bai damu da sunan da masana za su ba dūkan ba. Duk da haka ina so in nuna cewa akwai amfani babba, gama kowace kalma tana nuna wata ƙofa dabam da mugunta take bi ta shiga zuciyar mutum. Wanda ya san ƙofa ɗaya kaɗai, ita zai tsare, ya bar sauran a buɗe. Akwai kuma hatsari a cikin rarrabewar, za mu zo gare shi kafin mu gama.

Uwar kalmomin

Bari mu fara da cruel, gama ita ce mafi fāɗi. Asalinta daga Latin ne, tana da dangantaka da kalmar da take nufin ɗanye, kamar ɗanyen nama mai jini. A bakin Ingilishi, ana kiran mutum haka in ya sa wa mai rai ciwo da gangan, ba da wata bukata ta gaskiya ba, ko kuwa ya wuce gwargwadon bukata. Abubuwa uku suna cikinta. Na ɗaya, sai wanda ake yi wa yana iya jin zafi. Ba a yi wa dutse mugunta. Na biyu, sai mai yi ya san zafin da yake jawowa. Na uku, sai zafin ya zama ba shi da hujja. Maɗori yakan ja karyayyen ƙashi har majiyyaci ya yi kururuwa, amma ba mai kiransa mugu, domin zafin hanyar warkewa ce.

Tun kafin a yi harshen Ingilishi mutane suka yi ta tunani a kan wannan. Wani masanin Roma mai suna Seneka ya rubuta wa sarki Nero littafi a kan sassauci, wajen shekara ta 55 ko 56 bayan haihuwar Almasihu, lokacin da Nero yake saurayi. A ciki ya raba mutane iri biyu. Akwai wanda yake da dalilin yin horo amma ba shi da ma'auni, watau laifin gaskiya ne, horon ne ya wuce kima. Akwai kuma wanda ba ya neman dalili, ganin jini kawai yake so. Na farin shi ne mugu a wurin Seneka, na biyun kuwa ya ce halinsa ya zama na namun jeji. Nasihar ba ta shiga kunnen Nero ba, gama a shekara ta 65 ya umarci malamin nasa ya kashe kansa. Daga baya Toma Akwinas, malamin ikkilisiya wanda ya rasu a 1274, ya ɗauki wannan rarrabewa ya ƙara bayyana ta.

Abin lura a nan shi ne, mugu irin na fari yana ganin kansa mai adalci ne. Uban da ɗansa ya ɓatar da kuɗin aike, ya ɗaure shi ya yi ta bulala har fata ta tsage, in ka tambaye shi zai ce tarbiyya yake yi. Gaskiya ne yaron ya yi laifi. Gaskiyar nan kuwa ita ce take rufe wa uban ido, har ba ya ganin lokacin da horo ya ƙare, huce haushi ya fara.

Kalmomin da suke tura laifi waje

Kalmomi uku na gaba 'yan ɗaki ɗaya ne. Brutal ta fito daga kalmar Latin mai nufin abu mai nauyi, marar wayo, daga nan aka riƙa kiran dabba da ita. Tana nuna ƙarfi tsagwaronsa wanda ba tunani a ciki, irin dūkan da ba ya duban inda yake sauka. Savage, wadda take daidai da sauvage ta Faransanci, ta fito daga kalmar Latin mai nufin kurmi, watau abin jeji wanda ba a hore shi ba. Barbarous kuwa daga Helenanci take. Helenawa sun ji maganar baƙi kamar "bar-bar" ce kawai a kunnensu, sai suka sa musu wannan suna, kamar yadda Bahaushe yakan ce da wanda bai iya Hausa ba baubawa. A hankali kalmar da take nufin baƙo ta koma tana nufin marar tausayi.

Mai karatu zai ga abin da kalmomin nan uku suke yi a ɓoye. Ɗaya ta ce mugunta halin dabba ne, ɗaya ta ce halin mutumin jeji ne, ɗaya ta ce halin baƙo ne. Dukansu suna ɗauke laifin daga cikin gari su kai shi bayan ganuwa. Amma dabba ba ta cancanci wannan zargi ba. Kura takan kashe akuya domin yunwa, in ta ƙoshi ta tafi. Ba ta gina kurkuku, ba ta ƙera mari, ba ta zauna da dare tana tunanin maganar da za ta fi ƙona zuciyar 'yar'uwarta. Ko kyanwar da take wasa da ɓera ba mai kai ta gaban alƙali, domin ba mu ɗauka ta san abin da ɓeran yake ji ba. Sai mai hankali yake iya mugunta, gama sai ka iya kwatanta zafin wani a ranka kafin ka zaɓi ka sa masa shi.

Batun mutumin jeji kuwa, tarihi ya amsa shi a ƙasar Hausa kanta. A zamanin da Turawa suke kiran mutanen Afirka da wannan kalma a littattafansu, a shekara ta 1899, wata rundunar Faransa a ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta ratsa ƙasar da take Nijar a yau tana nufin tafkin Chadi. Sun ƙone garuruwa, sun kashe mutane masu yawa, mata da yara a ciki, Birnin Ƙonni kuwa ya sha mafi muni. Da labari ya kai Faransa aka aiki Kanar Klobb ya karɓe rundunar, sai Voulet ya sa aka harbe shi a watan Yuli na shekarar. Bayan 'yan kwanaki sojojinsu suka kashe su su biyun. Mutanen nan sun yi makaranta, sun san doka, suna rubuta rahoto da kyakkyawan hannu. Ba kurmi ne ya koya musu abin da suka yi ba.

Saboda haka in za mu yi amfani da kalmomin nan, sai mu yi da lura. Suna da amfani wajen kwatanta yadda aka yi aikin, cewa an yi shi da ƙarfi marar linzami. Amma suna ruɗin mai faɗarsu ya zaci shi da danginsa sun tsira. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani.

Wanda yake jin daɗi

Kalmar sadistic ba ta daɗe kamar sauran ba, daga sunan mutum kuma aka samo ta. Marquis de Sade wani basaraken Faransa ne, an haife shi a 1740, ya mutu a gidan mahaukata a 1814, bayan ya yi shekaru masu yawa a tsare. Ya rubuta littattafai inda mutane suke samun jin daɗi daga azabtar da waɗansu. A ƙarshen ƙarni na 19 wani likita Bajamushe, Krafft-Ebing, ya shigar da kalmar cikin littattafan likitoci, daga nan ta bazu cikin maganar yau da kullum. Abin da ya raba ta da sauran shi ne, a nan zafin wani shi ne ribar da ake nema. Ba kuɗi, ba mulki, ba ramuwa. Kukan ne kansa abin marmari. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce ƙeta, irin ta wanda zai zuba ƙasa a abincin makaho don ya ga yadda fuskarsa za ta yi.

Mutanen Ingila sun daɗe suna tsoron cewa wannan hali koyonsa ake yi tun ƙuruciya. A 1751 wani mai zane a birnin Landan, William Hogarth, ya buga zane huɗu a kan matakan mugunta, ya sayar da su da araha domin talakawa su gani. A na fari, wani yaro mai suna Tom Nero yana azabtar da kare a titi, waɗansu yara kuma suna yi wa kyanwoyi da tsuntsaye haka. A na biyu ya girma ya zama mai tuƙa keken doki, dokin ya fāɗi saboda nauyin kaya, shi kuwa yana ta bugunsa. A na uku ya kashe mace mai ciki. A na huɗu an rataye shi, likitoci suna feɗe gawarsa, kare yana cin zuciyarsa a ƙasa. Abin da mai zanen yake faɗa a fili yake: hannun da ya saba da wuyan kare ba zai yi nauyi a wuyan mutum ba.

Wannan koyarwa tana da kyau, iyaye kuma su riƙe ta. Amma akwai tarko a cikinta. Idan muka ɗauka cewa mugu shi ne mai ƙeta kaɗai, mai dariya sa'ad da wani yake kuka, to, kusan dukanmu za mu duba zuciyarmu mu ce, "Ni ban taɓa jin daɗin wahalar kowa ba," mu kwanta da rai a kwance. Alhali masu ƙeta irin wannan ba su ne suka fi yawa ba, ba kuma su ne suka fi cika duniya da hawaye ba. Kalmomi biyu da suka rage su ne suka fi kusa da ƙofar gidanmu.

Wanda yake da abin da yake nema

A tsohon Ingilishi akwai kalma ruth, ma'anarta tausayi ko juyayi. Ba ta da dangantaka da sunan Rut da muka sani. Kalmar ta kusa mutuwa a bakin mutane, amma 'yarta ruthless, watau marar tausayi, tana nan da ranta. Ana faɗarta ga mutumin da ya sa wani abu a gaba, ba ya kuwa barin wahalar kowa ta tsai da shi. Ba ya ƙin ka, ba ya jin daɗin zafinka. Kana kan hanyarsa ne kawai. A zamanin nan har akan ji ana yabon ɗan kasuwa ko ɗan wasa da wannan kalma, abin da ya isa ya sa mu yi tunani.

Ga misali daga tarihin Ingila. A 1781 wani jirgin ruwa mai suna Zong, na waɗansu attajiran birnin Libaful, ya tashi daga gaɓar Afirka ta Yamma da bayi fiye da 400 zuwa tsibirin Jamaika. Kayan sun fi ƙarfin jirgin, ciwo ya shiga, masu tuƙi kuma suka yi kuskure suka wuce tsibirin. An yi wa kowane bawa inshora ta fam 30. Bisa ga ƙa'idar inshora, bawan da ya mutu da ciwo asarar mai jirgi ce, amma kayan da aka jefa a teku domin a ceci jirgi, masu inshora ne za su biya. Daga ƙarshen watan Nuwamba, cikin 'yan kwanaki, ma'aikatan jirgin suka jefa mutum fiye da 130 da ransu cikin teku, suka ce ruwan sha ne ya kāsa. Da masu inshora suka ƙi biya, magana ta je kotu a Landan a 1783. Abin da aka yi shari'a a kai shi ne wa zai ɗauki asarar kuɗi. Olaudah Equiano, wanda shi kansa dā bawa ne, ya kai labarin ga Granville Sharp, shi kuwa ya yi ƙoƙari a tuhumi ma'aikatan da kisankai, amma ba a hukunta ko mutum ɗaya ba.

Ba mu bukatar mu ce mutanen jirgin nan sun ji daɗin abin da suka yi. Lissafi suka yi. Attajiran da suka kai ƙara kuwa ba su taɓa kowa da hannunsu ba, suna zaune a ofis da alƙalami. Irin wannan mugunta ba ta da ihu, ba ta da jan ido, shi ya sa mai ita yakan kira ta da waɗansu sunaye masu kyau, kamar sanin ciwon kai, ko iya kasuwanci, ko tsare hakkin iyali. Duk sa'ad da mutum ya koma lamba a cikin lissafin wani, an kama hanyar Zong, ko da a ƙaramin mataki ne.

Zuciyar da ta yi kanta

Kalma ta ƙarshe, callous, ita ce mafi sauƙin ganewa ga mai noma. Asalinta kalmar Latin ce mai nufin kanta, watau fatar da ta yi tauri saboda yawan gugar ƙotar fartanya. Ranar fari ta noma hannu yakan yi bororo ya yi zafi. Bayan wata guda ba ka jin kome. Ingilishi ya ɗauki wannan hoto ya sa wa zuciya. Mutumin da ake kira haka ba lalle ne ya bugi kowa ba. Yana gani, ba ya ji. Dā yana ji, yawan gani ne ya kashe jin.

John Newton, wanda Kirista da yawa suka san waƙoƙinsa, shaida ne a kan wannan. A 1748 hadiri ya kusa nutsar da jirgin da yake ciki, daga nan ya fara juyowa ga Allah. Duk da haka tsakanin 1750 da 1754 ya yi aikin kyaftin na jiragen bayi. Yana karatu yana addu'a a ɗakinsa, a ƙarƙashin ƙafafunsa kuwa mutane suna kwance cikin sarƙa, bai kuwa ga saɓani tsakanin abubuwan nan biyu ba. Ciwo ne ya fitar da shi daga aikin, ba lamiri ba. Sai a 1788, bayan fiye da shekara 30, ya buga ɗan littafi yana tuba a fili, yana bayyana yadda cinikin nan yake ƙeƙasar da zuciyar masu yinsa har su daina jin wahalar 'yan'uwansu mutane. Ya rasu a 1807, shekarar da majalisar Ingila ta hana cinikin bayi a jiragenta. Labarinsa yana koya mana cewa mutum yana iya zama mai ibada da gaske, wani sashi na zuciyarsa kuwa ya yi kanta bai sani ba, domin dukan waɗanda suke kewaye da shi haka tasu take.

Al'umma ɗungum ma takan yi kanta. A 1822 majalisar Ingila ta yi dokar hana cin zalin dawakai da shanu da tumaki, bisa ga ƙoƙarin Richard Martin. A 1824 aka kafa ƙungiyar hana yi wa dabbobi mugunta, William Wilberforce yana cikin waɗanda suka kafa ta. A 1835 aka hana wasan cuna wa bijimi ko beyar karnuka, da haɗa zakaru faɗa. Waɗannan abubuwa ne da ake yi a fili, da jini da sowa, ido ya gan su da wuri. Amma a cikin gidajen mutanen kirki ɗin nan, ana tura ƙananan yara su hau cikin bututun hayaƙi su kankare kunkunniya, waɗansu su maƙale su mutu a ciki. An yi dokoki a kai tun 1788, ba su yi aiki ba, sai dokar 1875 ce ta kawo ƙarshen abin. Ƙungiyar kāre yara kuwa ba a kafa ta a Landan ba sai 1884, shekara 60 bayan ta dabbobi. Matar gidan da ta kira mai share bututu ba ta ƙi yaron ba. Ta saba ne kawai, sabo kuwa turken wawa ne.

Sa'ad da rarrabewa ta zama mafaka

Yanzu sai mu zo ga hatsarin da na ambata. Dokokin duniya ma suna rarrabe kalmomi. Sanarwar hakkin ɗan Adam ta 1948 ta hana azabtarwa, ta kuma hana mugun horo, da wanda bai dace da ɗan Adam ba, da na wulakanci. Azabtarwa, wadda Ingilishi yake kira torture, ita ce aka ɗauka mafi nauyi. A 1971, lokacin rikicin Ailan ta Arewa, jami'an tsaron Birtaniya suka tsare mutum 14 suka yi musu abubuwa biyar: tsayuwa a jikin bango a kan yatsu na sa'o'i da yawa, rufe kai da buhu, ƙara mai ƙarfi ba fasawa, hana barci, da rage abinci da ruwa. Gwamnatin Ailan ta kai ƙara. A 1976 hukumar hakkin ɗan Adam ta Turai ta ce wannan azabtarwa ce. A 1978 kotun Turai ta ce a'a, abin ya saɓa wa doka, rashin mutuntaka ne da wulakanci, amma bai kai a kira shi azabtarwa ba.

Alƙalan ba su wanke kowa ba, sun dai zaɓi kalma mai sauƙi. Amma dubi abin da ya biyo baya. A 2002, lauyoyin gwamnatin Amurka da suke neman sanin iyakar abin da za a iya yi wa fursuna, sun kafa hujja da wannan hukunci. Layin da aka ja domin a auna nauyin laifi ya zama layin da ake tafiya a bakinsa ana cewa ba a ƙetare ba tukuna. Sai a 2021 kotun ƙoli ta Birtaniya ta faɗi cewa, bisa ga ma'aunin yau, abin da aka yi wa mutanen nan za a kira shi azabtarwa. Shekara 50 ke nan, waɗansunsu kuwa sun riga sun mutu.

Abin da ya faru a kotu yana faruwa a cikin gida. "Ban doke ta ba, magana kawai na yi." "Ban hana shi abinci ba, na dai jinkirta." "Ba ƙeta na yi ba, raha ce." Kowane ɗaya daga cikin zantattukan nan yana iya zama gaskiya ta fuskar ƙamus. Amma mai faɗarsu ya ɗauki abin da aka yi domin bincike ya mai da shi garkuwa.

Yadda ya kamata mu riƙe kalmomin

To, ina amsar tambayarmu? Ga yadda nake gani. Kalmomin nan suna kwatanta mai yi, ba su auna zafin wanda aka yi wa. Wanda aka jefa daga Zong ya nutse daidai da yadda zai nutse da a ce mai ƙeta ne ya tura shi. Saboda haka in muna gaban wanda aka cuta, ba lokacin rarrabe kalmomi ba ne. Jiki magayi, shi ne ya san abin da ya ji, aikinmu mu saurara mu tsai da cutar. Amma in muna binciken kanmu, ko muna renon yaro, ko muna neman gyara wata al'ada, a nan rarrabewa take da amfani, gama kowane ciwo da maganinsa. Mai wuce kima a horo yana bukatar ma'auni, da wanda zai riƙe hannunsa har fushi ya sauka. Mai ƙeta yana bukatar a tsawata masa tun yana yaro, tun abin yana kan ƙadangare da kare. Mai lissafi yana bukatar a sa masa iyakar da riba ba za ta ƙetare ba. Mai kanta kuwa yana bukatar wani ya sa shi ya sāke duban abin da ya saba gani, ya san sunan mutumin, ya ji labarinsa daga bakinsa.

Daga cikinsu duka, kanta ce na fi jin tsoro, domin ba ta da alama. Mai fushi yakan ji zuciyarsa tana tafasa, mai ƙeta ya san abin da yake yi, mai lissafi yakan ga lambobinsa. Mai kanta ba ya jin kome, rashin jin nan kuwa yana kama da salama. Newton ya yi shekaru yana barci lafiya.

Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, kada ka tsaya ga tambayar ko kai mugu ne, gama amsarta tana da sauƙi ƙwarai, kowa yakan ce a'a. Tambayi kanka waɗansu tambayoyi masu wuya. Horon da na yi na ƙarshe, a ina ya kamata ya tsaya, a ina kuma ya tsaya? A cikin abin da nake nema a bana, wane ne ya zama mini lamba kawai? Wane abu ne ya dame ni ranar da na fara ganinsa, yau kuwa nake wucewa ta gabansa ban ko juya ba? Wataƙila yarinyar da take aiki a gidanka ce, wadda take tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa. Wataƙila marayan da kake riƙo ne, wanda kwanonsa ba ya kai na 'ya'yanka cika. Wataƙila jakin da yake kawo maka ruwa ne da gyambo a bayansa. Ka san sunan da Ingilishi zai ba halinka game da su, ka san kuma wanda Hausa za ta ba shi. Abin da ya rage shi ne ka je ka duba su gobe da safe, kamar yau ne ka fara ganinsu.